Ragon Iya Dije a Bangon Zaurenmu

Ranar wata Juma'a ce, saura kwana tara sallar layya, a shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Na dawo daga rijiya da bokiti a kai, zafin bazara ya sa yashi yana cin tafin ƙafa, sai na hango mutane cunkus a ƙofar gidanmu a Mirriya. Dattawa ne da suka taso daga masallaci, wasu da buzu a kafaɗa, wasu da carbi a hannu, kowa ya zuba wa bangon zaurenmu ido. A wannan bango na wuni jiya ina zane da gawayi da farar ƙasa. Nan take kaina ya kumbura. Na rage sauri, na gyara ɗaurin zanena, ina jira a ce ina yarinyar da ta yi wannan aiki. Sai na ji muryar Malam Habu wanzami, mutumin da bakinsa ya fi askarsa kaifi, yana nuna bango da sanda. "Ku duba da kyau. Ga tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana kuka, ya ƙwace igiya. Ga shi ya ja ragon ya fita gari. Ga shi ya saɓa shi a wuya. Ga shi can ya kai shi daji ya ɗaure a jikin ƙaya. Kuma Issufu ne, ko makaho ya shafa ya san Issufu ne." Issufu kawuna ne, ƙanen Inna, uwa ɗaya uba ɗaya. Ruwan bokiti ya zubo mini a baya ban ma ji ba.

Kafin wannan rana na daɗe ina zane, kuma babu wanda ya taɓa damuwa da ni. Abin ya samo asali ne daga wani yagaggen littafi maras bango da na tsinta a ƙasan kabad ɗin mushenmu, wato malaminmu na lakwal, ranar da aka sa ni shara. Labarin zane ne, irin wanda mu a nan muke ce wa bede: hotuna a jere cikin murabba'i, kowane hoto yana miƙa wa na gaba labari. Faransancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma na fahimci komai, kuma abin ya tsaya mini a rai. Na sa wa murabba'an nan suna gidaje, don sun yi mini kama da gidajen dara da tsofaffi ke tonawa a ƙarƙashin kuka. Daga nan ban sake barin wuri fili ba. In an aike ni kai fura gona da damina, sai na zauna a kan kunya na zana 'yan noma a ƙasa mai laima har furar ta tsinke. In muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ƙannena suna cika kwando ni ina jera ɓawo ina yin mutane da shi. 'Yan'uwana mata suna carafke da gaɗa a dandali, ni ina gefe da takardar buhun siminti da na roƙa wurin magina. A aji kuwa, bayan allona na lakwal ya sha mushe da dogon hancinsa sau ba adadi, kuma ina da saurin gogewa da yawu in na ji takunsa. Baba manomi ne mai sayar da gyaɗa, ba ya son zanen abu mai rai, amma yana kawar da kai. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Rakiya, hannun nan naki da a kan taɓarya yake da mun huta."

Kawu Issufu dillalin dabbobi ne a kasuwar Lahadi ta Mirriya. Dogo ne siriri, da manyan kunnuwa da malafa wadda gefenta ya tsattsage, yana tafiya yana ɗan karkata hagu. Ba shi da garke, ba shi da shago. Mutanen ƙauye ne suke kawo masa dabbobinsu su bar masa a turke su tafi, wasu tun daga wajen Damagaram Takaya, shi ya sayar ya kai wa kowa haƙƙinsa. Jarinsa duka sunansa ne. Ranar Talatar wannan mako, da tsakar rana kowa ya shige inuwa, yana dawowa daga wani ƙauye a ƙafa sai ya ji kukan rago a daji. Ragon Iya Dije ne, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta shekara tana kiwonsa da dusa da harawa. Ya tsinke daga turke, igiyar ta naɗe a gindin magarya, ya galabaita da ƙishirwa har ba ya iya tsayuwa. Kawu ya shiga ƙaya ya kwance shi, ya saɓo shi a wuya har bakin gari, ya ba shi ruwa, sannan ya ja shi zuwa ƙofar tsohuwar. Ni na ga ƙarshen abin da idona, na ga Iya Dije ta ɗora hannu a ka tana kukan murna. Sauran na ji ne lokacin da Kawu ya shigo gidanmu Inna tana cire masa ƙaya a dantse. Shi ba mai yawan magana ba ne, bai gaya wa kowa ba, kuma wannan ne ya ba ni haushi. Na ce mutum ya yi aiki irin wannan gari bai sani ba? Ai ba da ni ba.

Alhamis babu lakwal, babu makarantar allo, Baba kuma ya tafi kasuwar Zinder. Na kwaso gawayi a madafa, na jiƙa farar ƙasa a fasasshen ƙoƙo, na saci ɗan shunin wankin Inna. Na ja gidaje huɗu a jere a bangon zaure, daidai tsayina, na fara daga hannun hagu kamar yadda mushe ya koya mana rubutu. Gida na farko Kawu a gindin magarya da igiya a hannu, na biyu rago a wuyansa, na uku yana jan sa a bakin gari, na huɗu shi da Iya Dije kowa ya riƙe igiya tana kuka. Na ɓata lokaci a kan kunnuwan Kawu da karkatar tafiyarsa har sai da ya fito sak. Yaran lakwal da suka wuce suka karanta shi daidai, suka yi ta tafi, na kwana da daɗi. Ban san cewa Iya Dije ta shiga mota tun ranar Laraba da ragon, ta tafi wurin ɗanta a unguwar Kara-Kara ta Zinder don ta yi sallah a can ba. Saboda haka da Malam Habu ya gama bayaninsa aka tura wani ya duba, sai aka tarar da ƙofarta a kulle, turke wayam.

Na ajiye bokiti na kutsa cikinsu ina cewa ba haka ba ne, amma wa zai saurari yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a tsakiyar manya? Wani ma cewa ya yi an tsorata ni ne shi ya sa nake janyewa. Wani ya ce yarinya ba za ta ƙirƙiro wannan ba, gani ta yi, kuma ga shi a bangon surukinsa. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa, ta leƙa tasha, ta shiga wurin masu nama. Da yamma mutum biyu suka je suka kwance ragunansu daga turken Kawu, suna cewa sun fasa sayarwa. Da safiyar Asabar wasu uku suka bi sahu. Gobe Lahadi ce kasuwa ta ƙarshe kafin sallah, ranar da dillali yake samun abin da zai riƙe iyalinsa har damina. Kawu ya zo gidanmu ya zauna a kan turmi, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa. Bai zage ni ba, bai ko harare ni ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Inna tana tankaɗe tana share hawaye da gefen mayafi, ni kuma na laɓe a bayan rumbu, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya fito da ransa a ɓace, ya ce in ɗebo ruwa in wanke bangon yanzu-yanzu, kuma daga yau in ya sake ganin gawayi a hannuna sai dai in na hura wuta. Na ɗauki tsumma ke nan sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta yi gyaran murya daga ƙofar ɗakinta. Tsohuwa ce 'yar malamai, ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma ita kaɗai ce take iya tare Baba. Ta ce, "In kun wanke, za a ce kun ɓoye ne. Ƙawata, zo ki kai ni in ga ɓarnar da kika yi." Na riƙe hannunta muka fita. Ta tsaya ta ƙanƙance ido, ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan gida na huɗu, na hannun dama, ta fara binsu zuwa hagu tana girgiza kai. Na ce, "Kaka, ba daga nan ake farawa ba." Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "To daga ina? Ke allonki daga ina kike fara shi?" Sai a lokacin na gane. Kullum da asuba ina wanke allo ina karatu daga dama, da hantsi in je lakwal in yi rubutu daga hagu, ban taɓa haɗa abin a kaina ba. Duk dattawan da suka tsaya a gaban bangon nan 'yan makarantar allo ne. Ba sharri suka yi wa Kawu ba. Sun karanta abin da na zana ne ta hanyar da suka saba, kuma ta wannan hanya labarin sata ne tsaf.

Na koma ciki da gudu na ɗauko allona na karatun Alƙur'ani da kayena, littafin rubutuna na lakwal, na ajiye su gefe da gefe a kan tabarma ina kallo. Wannan ya nufi hagu, wancan ya nufi dama, amma dukansu biyu daga sama suke farawa su gangaro ƙasa. Na tambayi Kaka ko akwai wanda yake fara karatu daga ƙasa, ta ce sai dai mahaukaci. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na je na durƙusa a gaban Baba na ce ya ba ni wunin nan kaɗai, ya ara mini tsani, in abin bai gyaru ba ni da kaina zan zuba takarduna a murhu. Baba ya juya ya dubi Kawu. Kawu ya ɗago kai a karon farko ya ce, "Yaya, bar ta. Abin da ya rage mini ai ba shi da yawa."

Ban taɓa tsohon zanen ba, na bar shi kowa yana gani. A gefensa, inda bangon zauren ya fi tsawo, na jingina tsanin da muke hawa rumbu da shi na fara daga can sama. Tsanin yana rawa, Inna tana salati, sai na ji ya tsaya cak. Na duba ƙasa na ga Baba ne ya riƙe shi da hannu biyu, fuskarsa a murtuke, yana kallon wani wuri dabam kamar ba shi ba. Wannan karon ban yarda da jeri kaɗai ba, na sa abubuwan da ba sa komawa baya. A gidan sama rago shi kaɗai a gindin magarya, harshe waje, Kawu yana tahowa daga nesa da rigarsa lafiyayya. A na biyu yana cikin ƙaya, hannun riga ya yage. A na uku rago a wuyansa, yagaggen hannun rigar yana reto, takalmi ɗaya ya tsinke. A na huɗu rago yana shan ruwa ya miƙe da ƙafafunsa. A na ƙasa, wanda na yi shi a tsugune, rago yana turkensa, Iya Dije tana dariya da haƙoranta biyu, Kawu ya juya baya yana tafiya hannu sake, da takalmi a hannu. Riga ba ta ɗinke kanta, kowa ya san wannan. Na gama wajen la'asar, hannuwana baƙi ƙirin har gwiwa, wuyana ya ƙage.

Na kawo Kaka ban ce mata uffan ba. Ta ɗaga kai ta fara daga sama, ta ba da labarin tiryan-tiryan kamar tana wurin. Amma ita tamu ce, don haka na ce a kira Malam Habu. Ya zo da zabirarsa a rataye, mutanen da suka fito sallar la'asar suna biye da shi. Ya tsaya ya daɗe. Ya dubi sabon, ya dubi tsohon, ya koma ya bi tsohon da sandarsa daga hagu a hankali, sai ya riƙe baki. "La'ilaha illallahu! Ashe ta baya muka hau shi! Jama'a, mun ci naman bawan Allah." Ya juya ya nemi Kawu a cikin taro, ya kama hannunsa da hannu biyu yana neman gafara. Daga nan bakin nan nasa da ya kai maganar tasha shi ya sake ɗaukar ta, ya kai ta inda ta farko ba ta je ba. Duk wanda ya zauna aski a wannan yammacin sai da ya ji labarin, har da ƙarin gishiri: a bakin Malam Habu sai da ragon ya kai girman maraƙi.

Ranar Lahadi na faki idon Inna na bi ƙawayena masu tallar ƙuli-ƙuli zuwa kasuwa, na tsaya daga nesa a gindin wata bishiya. Turken Kawu ya cika har ya ari na maƙwabcinsa. Mutanen da suka kwashe dabbobinsu sun dawo da su suna sosa ƙeya, ga kuma waɗansu da bai taɓa gani ba suna tambaya ina dillalin nan da ya shiga ƙaya saboda ragon tsohuwa. Na gan shi a tsakiyarsu da malafarsa, yana buɗe bakin rago yana duba haƙori, yana dariya. Na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, na yi ta tsalle ni kaɗai har wata mai nono ta tambaye ni ko lafiya. Da yamma Baba bai ce mini na kyauta ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce wa Inna, yadda zan ji, a daina zubar da gawayin da ya yi saura a madafa. Iya Dije ta dawo bayan sallah aka kai ta gaban bango. Ta gama kallo ta ce ragon ya yi kyau, Issufu ma ya yi, amma ita haƙoranta uku ne, in zo in ƙara ɗaya.

Yau zane ne sana'ata. Ina zaune a Zinder, kuma ina cikin wani zaure na wayar salula inda matasa masu son labarin zane suke taruwa, daga Maraɗi da Agadas da Kano da wuraren da ban taɓa takawa ba. Kwanan baya wata yarinya ta saka shafinta na farko, mutane suka fahimce shi a karkace, wasu suka yi mata dariya. Ta goge shi, ta rubuta cewa ta bar zane, tunda mutane ba su da kai. Na kira ta na ba ta wannan labari, na kuma gaya mata abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo zauren. Kada ki goge, ki bar shi ki zana wani a gefensa. In mai karatu ya ɓata hanya, kada ki ɓata lokaci kina zaginsa, ki koma ki nemo mararrabar da kika bari babu alama. Kafin ki saka shafi, ki rufe rubutun ki miƙa wa wadda ba ta yi boko ba, mai ƙosan unguwarku ko kakarki, ki kama bakinki ki ji abin da za ta ce. Ki sa wani abu ya canza daga gida zuwa gida, ko riga ko inuwa ko ruwan tulu, don lokaci ya nuna inda ya dosa. Kuma kada ki jira sai kin sami babbar waya da alƙalamin gilashi, abin da ke hannunki ya isa a fara. Bayan kwana huɗu ta dawo da sabon shafi. Hannun mutumin da ta zana ya fi ƙafarsa tsawo, amma kowa ya gane labarin, kuma ni na fara yi mata tafi.

Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma ina taya su murna. Shafi ɗaya yakan kai ƙasa uku kafin shayi ya huce. Sai dai ba sa ganin fuskar mai karatu lokacin da labari ya shige shi, alamar ɗan yatsa ta yabo kawai ake aiko musu a waya. Ni na ga dattijo ya riƙe baki a gaban aikina, na ga kawuna ya mayar da malafarsa kai. Kaka ta rasu, Kawu ma ya bi ta shekarun baya, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tuna mini kwana biyun da na jefa shi ciki ba. Zanen kuwa bai kai ko wata uku ba. Ruwan farko na daminar wannan shekara ya zo da iska daga gabas, muka wayi gari bango ya koma jar ƙasa. Babu wanda ya ɗauki hotonsa, don babu mai abin ɗauka a unguwarmu. Na zana shafuka masu yawa tun daga lokacin, waɗansu sun fi shi kyau sau goma, kuma suna nan a ajiye ba abin da zai taɓa su. Har yau ban zana wanda ya kai shi aiki ba.